Gurasar da Ergash Ya Gatsa

"Ke kin gan shi da idonki?"

"Da idona. A kan kujera aka sauko da shi daga mota, mutum biyu suna tallabe da ita."

"Ergash ɗin? Wanda yake saɓa buhun fulawa yana waƙa?"

"Shi fa. In kin ga wuyansa sai ki ce na kazar da aka fige."

"Allah ya sawwaƙe. To ko ba komai dai ya dawo, uwar ta huta da kallon bango."

"Wane hutu? Gurasar tana nan a rataye."

"Haba dai. Ba a sauke ba?"

"Ba a sauke ba. Jiya na shiga dubiya, ina shan shayi ina kallonta, ita ma tana kallona."

"To me ake jira, sai ta yi furfura?"

"Je ki tambayi Kumri mana, tunda ke Allah ya ba baki. Matsa mini nan, tawa ta fara ƙonewa."

Kumri tana jin su sarai. Tanderun maƙwabta a jikin katangarta yake, katangar ƙasa kuwa ba ta riƙe magana. Tana tsugune ƙarƙashin rumfar inabi tana feraye kabewa, wuƙar ba ta tsaya ba, kanta bai ɗago ba. Sai da matan suka koma zancen bikin 'yar wani sannan ta tattara ɓawon a faranti ta kai wa saniya.

Ba ƙarya suka yi mata ba. Ranar da ɗanta Ergash zai tafi Rasha neman aiki, shekaru sun tasam ma goma yanzu, ta yi abin da kowace uwa take yi a ƙauyukanmu na gefen birnin Kokand. Ta gasa gurasa, ta zaɓi wadda ta fi kyan fuska, ta riƙe masa ita da hannu biyu a bakin ƙofa. Ya sunkuyo ya gatsa, ya tauna yana dariya, ya ce, "Inna, ku adana da kyau, kada ɓera ya riga ni." Ta zura zare a tsakiyarta ta rataye a ƙusa, can sama kusa da rufin babban ɗaki. Wanda ya bar sauran abincinsa a gida, sauran nan ne yake jawo shi ya dawo, haka muka taso muka tarar. Ranar da ya dawo kuma, kafin gajiyar hanya ta sake shi ake sauko da ita, a jiƙa, ya ƙarasa abinsa.

Ta adana kuwa. Ta kawo kyanwa gidan saboda ita. Duk bazara in ana shafa wa ɗakin farar ƙasa, sai ta kewaye gurasar a hankali ba ta taɓa ta ba, har wurin ya yi baƙin zobe a jikin farin bango. In Ergash ya kira a waya, bayan gaisuwa yakan ce, "Tana nan?" Ita kuma ta ce, "Ina za ta je, ai ta fi ka hankali."

Ya dawo farkon kaka. Shekarun nan duka dutse yake yanka a wata masana'anta, na daɓen gidaje da na kaburburan masu hali, cikin ɗakin da ba taga. Takardunsa ba su cika ba, in ya fito ba zai sake shiga ba, shi ya sa bai taɓa zuwa ko da hutu ba. Garin dutsen ya taru a huhunsa ya daskare. Likitan birni ya ɗaga hoton ƙirjin ya duba, ya dubi Kumri, ya dubi Sanobar matar Ergash, ya ce su kai shi gida ya ci duk abin da ransa yake so. Aka shimfiɗa masa a babban ɗaki, tukunyar iskar numfashi a gefensa tana huci. Dangi suka zo, aka dafa shinkafa, aka yi addu'a, aka watse. Gurasar ba ta motsa daga ƙusarta ba, kuma daga inda yake kwance in ya buɗe ido ita yake fara gani.

Abin da ya sa zancen ya tsaya wa mutane a rai shi ne, duk yankin babu wadda ta kai Kumri sanin yadda ake yi da busasshiyar gurasa. Da wannan aka san ta. Tana budurwa aka ɗauke ta aikin girki a sansanin auduga, zamanin da gonaki duk na gwamnati ne, ana kwaso ɗalibai daga birni duk kaka a jibge su a rumfuna su yi ta tsinka har dusar ƙanƙara ta sauko. Burodin gwamnati yakan iso a bayan mota ya riga ya bushe, har ɗaliban suna cewa da shi za su gina wa shugaban gona gida. Zubarwa kuwa ba ta taso ba. Mu da ko ɓarɓashi ya faɗi ƙasa sai mun ɗauka mun sumbata mun kai goshi.

Shugabar madafar wata 'yar Tatar ce, Alfiya opa, wato yaya Alfiya, mai damtse kamar na maƙeri. Ita ta tsayar da Kumri a gaban kasko.

"Busasshen ake so, 'yar ƙauye. Sabo in ya sha ƙwai kunu yake zama. Tsoma, juya, cire. Ban ce ki yi masa wankan gawa ba."

"Man fa, opa?"

"Jefa ɓarɓashi. In ya nutse ya yi shiru, jira. In ya taso yana rawa, zuba. Kuma in kin kwashe kada in ga kin rufe, kada in ga kin ɗora wani a kan wani. Jingina su tsaye kamar sojoji. Tururi ne yake kashe shi."

Sauran Kumri ce ta ƙaro da kanta, kaka bayan kaka, daga abin da ƙasa ta bayar. Takan dafa kabewa ta murje ta cikin madara da ƙwai har ruwan ya yi launin faɗuwar rana. Ta daka kirfa ta zuba. In za ta juya yankan karo na ƙarshe sai ta barbaɗa sukari kaɗan, ta bar shi ya narke ya kama, ya yi ɓawo siriri wanda in ka gatsa na ƙarshen ɗaki zai ji ƙaras. A kai ta ɗora behi, ɗan itacen nan rawaya mai tauri da ƙamshi, wanda ta dafa har ya koma ja, ta ɗiga maɗin inabi. Ɗaliban da suka wuni a sunkuye, yatsu duk sun tsage, sukan karɓa su zauna su yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar tauna.

Da gonakin gwamnati suka watse ta koma gida da kaskonta. Ta riga ta auri Yuldash direban motar ruwa, ta haifa masa mata biyu da Ergash. Yuldash ya faɗi a bakin masallaci wata Juma'a bai sake tashi ba, 'yan matan suka yi aure nesa, ya rage ita da ɗan da kaskon. Har yau in kaka ta yi, matan unguwa sukan ƙullo busasshiyar gurasarsu a ƙyalle su kawo mata, su koma da ita ta zama abin ba baƙo. Mace irin wannan ba za ta ce ta rasa yadda za ta yi da gurasa guda ba.

Kullum da hantsi takan shigar masa da faranti.

"Inna, tun daga nan nake jin kasko," in ji Ergash. Maganarsa a yanke take fita, ya faɗi kaɗan ya huta. "Na ce yau ma an tashi yaƙi."

"Tashi ka ci da zafinsa. Sanobar, ƙara masa matashi."

Sanobar ta tallabo shi. Ya ɗauki yanka ɗaya ya gatsa, ƙarar ta cika ɗakin, ya lumshe ido. Taunar ba ta ba shi wahala. Haɗiyar ce sai ya tara ƙarfi, maƙogwaronsa ya hau ya sauka kamar ana jan guga.

"Har yanzu ba wanda ya kamo ƙafarku. A can wani ɗan Tajik ya ce ya iya. Ya soya mana wani abu kamar soson wanka, muka ci muka yi godiya, don ya fi mu ƙarfi."

"Ci dai, bar surutu."

"Ina ci." Ya ajiye sauran. Idonsa ya hau bango. "Waccan fa, yaushe za a sallame ta? Ta gaji da tsayuwa."

"Sai ka ɗan ji ƙarfi."

"Ƙarfin me? Ai ba kokawa za mu yi ba."

"Sai 'yan'uwanka sun zo, a yi a gabansu."

"Sun zo sun koma, Inna."

"To sai Juma'a."

Ta ɗauke farantin ta fita. Juma'a ta zo, ta ce madarar ta yi tsami. Wata Juma'ar ta zo, ta ce kanta yana sarawa. Ergash ya daina tambaya da wasa, ya koma tambaya da ido, ita kuma ta koyi shiga ɗakin ba tare da ta ɗaga kai sama da katifarsa ba.

Mastura ce ta tare ta. Tare suka yi 'yanmatanci, tare suka yi sansanin auduga, ƙofarta tana kallon ta Kumri, kuma ba ta jira a amsa mata sallama kafin ta shiga. Ta same ta a tsakar gida tana yanka behi, ta zauna a bakin gadon katako, ta jawo wuƙa ta kama taya ta.

"Behin bana ya fi kanki tauri," ta ce. "Kaɗan dai."

"In aiki kika zo, yi. In magana ce, na riga na ji ta ta katanga."

"Waɗancan ba su san komai ba. Ni na sani. Saboda Normat ne."

Wuƙar Kumri ta tsaya.

Normat ƙaninta ne. Shi ma ya gatsa gurasa ranar da aka ɗauke shi soja, aka kai shi yaƙin Afganistan, ya dawo ko ƙwarzane babu. Uwarsu ta sauko da gurasar tana kuka tana dariya, ta jiƙa a shayi, ya cinye tas har ya kaɗa kwanon ya shanye. Ba a gama tsinkar audugar shekarar ba tarakta ta kife da shi cikin babbar magudanar ban-ruwa. Ranar zaman makoki uwar ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallon ƙusar da babu komai a jikinta, tana cewa, "Ni na ba shi da hannuna. Ya cinye rabonsa, me zai zauna ya yi?" Kumri tana gefenta a lokacin, Ergash yana kan cinyarta yana shan nono.

"Baƙin ciki ne ya yi magana da bakin uwarki," in ji Mastura. "Nawa tsohon ya ci tasa da ya dawo daga soja. Ga shi can yana cin raina har yau, ko mura ba ta kama shi. Da gurasa tana kai mutum lahira da tuni na cika masa tanderu."

Kumri ba ta yi dariya ba. "Ke ba ki da ɗa a kwance."

"Ba ni da shi, amma ina da ido. Kullum raguwa yake, gurasarki tana rataye. Me ta hana?"

"Likita ya ce ba zai wuce wata ba. Ga shi an cire rumman, an cire behi, yana nan."

"Au, ƙusa ce ta riƙe shi ke nan? Kumri, ki ji tsoron Allah, ke da ba kya wasa da salla."

"Na san mai rayawa, na san mai kashewa, ba sai kin koya mini ba." Ta ci gaba da yanka, yankan yana fita a karkace. "In zai ɗauke shi, ya ɗauke shi. Amma ba ni zan miƙa masa lomar ƙarshe da hannuna ba. Uwata ta yi, na ga yadda ta ƙare."

Mastura ta dube ta. Sannan ta share wuƙar a gefen rigarta ta ajiye. "Sa sukari da yawa," ta ce, "na bana ba su da zaƙi." Ta tafi.

Da sanyin safe ya fara cizo, Ergash ya daina taɓa farantin. Bai yi faɗa ba. In an kawo sai ya ce, "Na gode, Inna, tawa nake jira," ya juya fuska. Sanobar ta bi surukarta madafa. Shekarun nan duka su biyu suka zauna a gidan, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, yanzu ma ba ta ɗaga ba.

"Inna, ruwan shayi kawai yake sha."

"Ina gani."

"Ku ba shi. Ko ku bar ni in sauko da ita, in ku ba za ku iya ba."

"Ranar da hannunki ya taɓa ta, ki tattara ki koma gidan ubanki."

Sanobar ta sunkuyar da kai ta fita. Kumri ta ji kunyar maganar tun kafin ta gama fita daga bakinta, amma ba ta janye ba.

A ranar dabara ta zo mata. Ta gasa gurasa daidai girman waccan, ta bar ta cikin tanderu bayan wuta ta mutu har ta bushe ƙayau. Da aka fitar da Ergash tsakar gida shan rana, ta taka kujera ta sauko da ta gaskiyar. Ba nauyi ko kaɗan, kamar faifai. Ta yi duhu, ga sawun haƙoransa nan a jere, har da gurbin giɓinsa na gaba. Ta naɗe ta a farin ƙyalle ta kai ɗakinta. Ta sauke bargunan da suke jere kan akwatin aurenta, ta sa ƙunshin can ƙasa ta rufe, ta mayar da bargunan ɗaya bayan ɗaya har suka kusa taɓa rufi. Da ta ɗaga na ƙarshe wani abu ya riƙe mata a baya, tun daga nan ba ta sake miƙewa sosai ba.

Washegari ta shiga da faranti, Sanobar tana biye da butar shayi.

"Ga taka," ta ce. "Ka ishe ni."

Ergash ya dubi ƙusar, babu komai tun jiya. Fuskarsa ta saki irin yadda ba ta saki ba tun da ya dawo. Ya ce a tashe shi zaune sosai. Aka zuba masa ruwa ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya karɓa da hannu biyu. Ta yi masa ita yadda ba ta taɓa yi wa kowa ba, da man shanu maimakon man angurya, ɓawon yana sheƙi. Ya gatsa. Ya tauna a hankali, ya daɗe yana taunawa, ya haɗiye da ƙyar. Sannan ya mayar da yankan kan farantin ya gyara masa zama.

"Ta yi daɗi," ya ce. "Alkamar bana ce."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Inna, waccan ta sha hayaƙin murhu shekara da shekaru. Ko a zuma kuka dafa ta sai na ji ɗacinsa. Wannan ko mako ba ta yi a duniya ba." Ya juya ga matarsa. "Sanobar, ƙarya nake?"

Sanobar tana tsiyaya shayi, kofin ya cika ya zuba a shimfiɗa. 

"Jeki abinki," ya ce da ita. "Bar ni da Inna."

Yayyafi ya fara buga kwanon rufi. Tukunyar iska tana huci. Kumri ta tsaya a tsakiyar ɗaki, hannuwanta a cuse cikin hannun riga.

"Ku zauna mana. Ba zan iya ɗaga murya ba."

Ta zauna a bakin katifar.

"Na san zancen Kawu Normat. Goggo Mastura ta gaya wa Sanobar." Ya huta. "A can, da abin ya kwantar da ni, sun kai ni asibiti. Na kusa da gadona ɗan Kirgiz ne, wata safiya aka fitar da shi a lulluɓe. Na ce ni ba a nan ba, ina da sauran gurasa a gida. Da ita na hau jirgin ƙasa, Inna, kwana da kwanaki ina zaune, don in na kwanta numfashi ɗaukewa yake. Ta yi aikinta, ta kawo ni. Yanzu kuna so ku sa ta aikin da ba nata ba."

"Yi shiru, kana wahalar da ƙirjinka."

"Ku bar ni in gama. Ba mutuwa nake roƙonku ba. Ita tana hanya, na ci ko ban ci ba, ku ma kun sani. Kun san gidan su Turdiali, inda gurasar kakansu take rataye tun babban yaƙin duniya? Muna yara mukan leƙa ta taga mu kalle ta. Ba mai iya ci, ba mai iya zubarwa. Kowa ya shiga ɗakin sai ya rage murya." Tari ya sarƙe shi, ta riƙe masa ƙyalle har ya lafa. "Wancan bai dawo ba. Ni na dawo. In na tafi ban ci ba, ku da Sanobar za ku zauna da ita kamar ban taɓa dawowa ba."

Kumri ta ninke ƙyallen ta ajiye.

"Yau da ƙyar lomar nan ta wuce," ya ce. "Ban san gobe ba. Maganata ke nan."

Ta ɗauki farantin ta fita. A madafa ta tsaya ta cinye yankan da ya bari, tunda ba a zubarwa.

Duk da haka ba ta je wajen akwatin ba, ranar ko washegarinta. Takan shiga ta gyara masa bargo ta fita. Bai sake tambaya ba, ko da ido, kuma wannan ya fi tambayar ciwo.

Sai wata safiya Sanobar tana ba shi shayi a cokali, ya ƙware. Abin da bai cika cokali ba, amma ya shiɗe har leɓɓansa suka yi baƙi, hannunsa yana dukan katifa. Aka kirawo ma'aikaciyar jinya ta ƙauye. Ta yi masa allura, ta zauna har numfashin ya daidaita, sannan ta fito tsakar gida tana sa takalmi. Kumri ta raka ta bakin ƙofa.

"Goggo, in akwai abin da kuke so ya ci, yau ne ko gobe," in ji ta, ba ta kalli fuskar tsohuwar ba. "Bayan nan sai dai a riƙa jiƙa masa leɓe da auduga."

"Ba wata allura?"

"Allura ba ta haɗiye wa mutum, Goggo."

Kumri ta rufe ƙofar. Ganyen inabi ya zube a tsakar gida ya manne da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba wanda ya share. Ta wuce madafa ta zauna gaban murhun da ba wuta. Ta ɗauka kuka za ta yi, sai tunanin aiki ya zo mata. Gurasar da ta yi shekarun nan ba za ta sha ƙwai da tsomi ɗaya ba. Sai an fara turara ta kan tukunya ta saki, sannan ta kwanta cikin madara mai ɗumi har cikinta ya yi laushin da zai wuce maƙogwaro ba da faɗa ba. Gefe ɗaya kawai za ta bar wa kasko da sukari, wajen da haƙoransa suka tsaya, don ya ji ƙarar ko da tsotsa kawai zai iya.

Ta ƙyasta ashana, ta karye. Ta biyu ma ta karye. Maganar uwarta tana nan a kunnenta yadda ta ji ta ranar makoki. Ta sake ƙyastawa, ta kama. Ta aza tukunya, ta aza madara, ta fasa ƙwai, ta murje sauran kabewa, ta goge kaskon da ƙyalle ko da yake ba shi da datti.

Sannan ta shiga ɗakinta ta tsaya gaban akwatin. Ta miƙa hannu za ta jawo bargon sama, bayanta ya riƙe, hannun ya ƙi wuce kafaɗa. Ta sake gwadawa, ta dafa bango. Daga inda take tana hango Sanobar zaune a bakin ƙofar babban ɗaki, cokalin yana hannunta har yanzu.

"Sanobar."

"Na'am, Inna."

"Maganar da na gaya miki ranar nan, ki yafe mini. Zo, 'yata, ki sauke mini bargunan nan. Tana can ƙasa cikin farin ƙyalle. Ɗauko ta da hannunki ki kawo mini madafa, kada madarar ta huce."